Haƙƙin Yaron Da Karatu Ya Yi Wa Nauyi

 

Maganar wannan mako a kan wani yaro ce wanda babu makarantar da ba a samun irinsa. Shi ne yaron da ya kai shekara tara ko goma, ya yi shekara uku ko huɗu yana zuwa makaranta, tsararrakinsa sun yi gaba, shi kuwa har yanzu in aka ɗora masa yatsa a kan kalma sai ya yi tsuru-tsuru. A aji sunansa daƙiƙi, a gida a ce kansa ba ya ja, a kan hanya yara su yi ta yi masa dariya. Shin wannan yaro yana da wani haƙƙi wanda ya wuce a ba shi wurin zama a aji? In yana da shi, a wuyan wa yake? In kuwa aka tozarta haƙƙin, wa Allah zai tambaya?

Unguwar Gyallesu ta Tudun Wadan Zariya wuri ne da ya cancanci a yi wannan tambaya a cikinsa. A nan ne harabar Babbar Kwalejin Horon Malamai take, wadda aka kafa a shekarar 1962 da taimakon hukumar UNESCO, wadda daga baya mutane suka saba kiranta FCE, kuma malaman da ta yaye sun bazu ko'ina a Arewa. A Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a shekarar 1939, a nan kuma aka riƙa buga littattafan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, waɗanda magidanta masu furfura suka koyi haɗa baƙi da su. Garin da ya koya wa manya karatu bayan sun girma bai kamata ya fid da tsammani daga ɗan shekara tara ba.

KALMAR DAƘIƘI HUKUNCI CE

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, duk wanda ya kira yaro daƙiƙi ya yanke hukunci. Watau ya yanke cewa an koya wa yaron yadda ya kamata, babu kuma abin da ya tare masa hanya, saboda haka laifin na kansa ne. Alhali kuwa a shari'ar Musulunci ba a yanke wa mutum hukunci sai da hujja, kuma alƙalin da ya ɗaure mutum bai saurari shaidu ba ya yi zalunci. A cikin Suratul Hujurati Allah Maɗaukakin Sarki Ya umarci muminai da binciken labari kafin aiki da shi, Ya kuma hana izgili, da laƙaba wa juna munanan sunaye, da yawan zato. Babu inda aka togace yara daga wannan hani. Hasali ma abin ya fi muni a kansu, domin babba yana iya musu in aka zage shi, amma yaro gaskata malaminsa yake yi. In aka ce masa jaki yau, aka maimaita gobe, kafin shekara ta zagayo ya yarda, ya daina ƙoƙari, sa'an nan a ce ga shi nan, dama an faɗa.

To, mene ne binciken da ya wajaba kafin hukunci? Abubuwan da ke hana yaro karatu suna da yawa, kuma mafi yawansu ba su da dangantaka da ƙarancin basira. Akwai yaron da idonsa ba ya hangen nesa, yana zaune a ƙarshen aji, rubutun da ke jikin babban allo hazo ne a wurinsa, bai kuwa taɓa faɗa ba domin a zatonsa haka kowa yake gani. Akwai wanda ciwon kunne mai zubar da ruwa, ko ƙyanda, ko sanƙarau suka rage masa ji tun yana ƙarami, ba ya bambance sautin "sa" da na "za". Akwai wanda ke zuwa bai karya kumallo ba. Akwai wanda zazzaɓin cizon sauro ko amosanin jini ke kwantar da shi sati biyu a kowane zango, in ya dawo an wuce shi. Akwai yarinyar da ke shiga aji bayan ta gama tallan safe, barci a idonta. Ko wanne daga cikin waɗannan yana da magani ko sauƙi. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga cibiyar ido ta ƙasa da cibiyar kunne ta ƙasa duk a Kaduna. Sau da yawa tabarau guda, ko a dawo da yaro layin gaba, shi ne abin da ke tsakaninsa da karatu.

Bayan wannan sai a duba ko an koya masa tun farko. A shekarar 2022 Bankin Duniya tare da UNESCO da UNICEF suka ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta, a Afirka kudu da Sahara kuwa kashi 89. Gwajin karatun Hausa da aka yi a firamaren gwamnati na jihohin Sakkwato da Bauci a shekarar 2013 ya nuna mafi yawan 'yan aji biyu ba su iya karanta kalma ko ɗaya ba. A Jihar Kaduna, a shekarar 2017, gwamnati ta ba da sanarwar cewa malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka ɗiba ba a jarrabawar da ta yi musu. In kifi ɗaya ya mutu a tafki ana iya cewa ajali ne, amma in aka wayi gari rabinsu sun taso, ruwan za a bincika. Ajin da yawancin yaransa ba su iya karatu, koyarwa ce ba ta isa gare su ba.

RUBUTU UKU A YINI ƊAYA

Akwai kuma wani nauyi da yaron unguwa irin Gyallesu yake ɗauka wanda manya ba su cika lura da shi ba. Da asuba yana makarantar allo, inda ake rubutun Magaribi a ruwayar Warshu, harafin fa yana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf yana da ɗigo ɗaya a sama. Da yamma yana Islamiyya, inda mushafin ruwayar Hafsu yake, fa yana da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf yana da biyu. Ke nan harafin da aka ce masa ƙaf ne da asuba, shi ake ce masa fa ne da la'asar. A tsakanin biyun yana makarantar boko, inda rubutu ke tashi daga hagu zuwa dama, harafin "c" yana da sauti ɗaya a darasin Hausa, yana da wasu sautuka dabam a darasin Turanci, harshen da ba a magana da shi a gidansu. Ko a Hausar ma, boko ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, sai mai karatu ya gane da kansa ko garin zama ake nufi ko garin tuwo, ko kukan jariri ko kukar miya. Mafi yawan yara suna haye wannan duka da ikon Allah, abin ma har ya ba da mamaki. Wanda ya yi tuntuɓe a kai ya cancanci a tausaya masa, a warware masa su ɗaya bayan ɗaya.

In an kawar da duk waɗannan dalilai, sai a tarar saura wasu yara kaɗan, idonsu lafiya, kunnensu lafiya, an koya musu sosai, bakinsu da kaifi, lissafin ciniki ba ya kuɓuce musu, amma haɗa baƙi ya gagara. Likitoci sun daɗe da sanin irinsu. A shekarar 1887 wani likitan ido a birnin Situtgat na Jamus, Rudolf Berlin, ya wallafa littafi a kan matsalar karatu da sunan da ake kiranta da shi har yau, watau disleksiya. A shekarar 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai hazaƙa, wanda malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki ake yin karatu duka, da babu wanda zai fi shi a makarantar, amma ko sunansa ba ya iya rubutawa daidai. Da farko an zaci ciwon ido ne, har aka kira shi makantar kalma. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa tushen abin yana wajen rarrabe sautukan magana da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa. Yana bin jini a cikin dangi, ba ya nuna ƙarancin hankali, kuma masana da yawa suna ƙiyasta shi tsakanin yara 5 zuwa 10 a cikin kowane 100. Ke nan a aji mai yara tamanin, da wuya a rasa huɗu ko fiye.

Alamominsa ba su buƙatar na'ura. Yaron yana daɗewa bai riƙe sunayen haruffa ba. In aka tambaye shi ko "kaza" da "kare" da sauti ɗaya suka fara, sai ya rikice. Ba ya iya yanka "makaranta" gaɓa-gaɓa. Yana ganin harafin farko ya cinki sauran kalmar, ko ya karanta kalma a layin sama ya kasa gane ta a layin ƙasa. In aka karanta masa labari yana amsa tambayoyi sarai, in aka miƙa masa takardar sai ciwon ciki ya tashi. Juya "b" ta koma "d" kuwa, wannan kusan duk ƙananan yara suna yi a farkon koyo, ba ya zama abin damuwa sai in ya zarce shekara bakwai ko takwas yana yi.

BA RABONSA BA NE?

A nan wani zai ce, ai ƙwaƙwalwa kyauta ce ta Allah, Ya ba wani Ya hana wani, wanda ba shi da rabo a karatu ko an kwana ana koya masa ba zai iya ba. Farkon maganar gaskiya ne, Allah Ya fifita bayinSa a kan juna a fahimta kamar yadda Ya fifita su a arziki. Amma ƙarshenta da'awar sanin gaibu ce. Wa ya leƙa Lauhul Mahfuzi ya ga an rubuta cewa wane ba zai yi karatu ba? Mutum ba ya sanin rabo sai bayan ya ƙure sababi. Lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya nufi Sham ya ji labarin annoba ya juya da jama'a, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa juyawar ita ma ƙaddarar Allah ce. Haka nan kai yaro a duba idonsa, da zama da shi ana maimaita masa harafi, duk cikin ƙaddara suke. Uban da ya sayi taki ya zuba a gonarsa, ya nemi maganin tsutsa, sa'an nan ya ce karatun ɗansa ya bar wa rabo, ya san sababi sarai, ya dai zaɓi inda zai yi amfani da shi ne.

Tarihin Musulunci kuwa cike yake da abin koyi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi wa gwanin karatun Alƙur'ani albishir da zama tare da mala'iku masu daraja, ya kuma yi wa mai karantawa da ƙyar, yana cijewa, abin yana yi masa wuya, albishir da lada biyu. Ashe wanda ake yi wa dariya a aji, shari'a ta san da zamansa tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, har ta ninka masa lada saboda wahalarsa. Suratu Abasa kuma ta sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho wanda ya zo neman sani a lokacin da Annabi yake fuskantar manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin musuluntarsu, sai Allah Ya nuna cewa mai rauni da ya zo da kwaɗayin koyo bai cancanci a kau da kai daga gare shi ba. Anas ya ruwaito cewa Annabi yakan maimaita magana sau uku domin a fahimta. Mu'awiya ɗan Hakam, wanda ya yi magana a cikin salla saboda rashin sani, ya shaida cewa bai taɓa ganin malami mai kyawun koyarwa kamarsa ba, domin bai daka masa tsawa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba.

Malaman da suka biyo baya sun riƙe wannan. Subki ya kawo a cikin littafinsa na tarihin malaman Shafi'iyya cewa Rabi'u ɗan Sulaimanu ya kasance mai jinkirin fahimta, har wata rana Imam Shafi'i ya maimaita masa mas'ala guda sau arba'in bai gane ba, ya tashi daga majalisin don kunya. Shafi'i ya kira shi a keɓe, ya yi ta maimaita masa har ya gane. Wannan Rabi'u, wanda ya rasu a shekara ta 270 bayan Hijira, ta hannunsa littattafan Shafi'i irin su Al'ummu suka iso ga al'umma. A mazhabar Malikiyya, Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 870 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara, ya wajabta musu adalci tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya taƙaita duka ƙwarai, ya hana shi a fuska da kai, ya hana shi cikin fushi. Alƙabisi, wanda ya rasu a 1012, ya hana malami zagin yaro da kiransa da sunan dabba. Ibn Khaldun kuwa ya keɓe babi a cikin Muƙaddimarsa ta 1377 yana bayyana cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibi, tana kashe masa himma, tana koya masa ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansa. Dukan da waɗannan malamai suka yi magana a kansa ma na ladabi ne a kan ganganci. Yaron da ya kasa saboda abin ya fi ƙarfinsa bai yi laifin da za a ladabtar da shi ba, kuma Allah da kanSa ba Ya ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba.

ADALCI TSAKANIN YARA

Saura magana mai nauyi, wadda malamin makaranta zai kawo, kuma yana da gaskiya a cikinta. Zai ce, aji ɗaya yara sun kusa ɗari, darasi minti talatin da biyar ne, manhaja tana jira, albashi ba ya kai ƙarshen wata. In ya tsaya a kan yaro guda minti goma, ya ci haƙƙin sauran. Masu hazaƙa su ma amana ce, kuma daga cikinsu al'umma za ta sami likitoci da alƙalai, wanda samar da su farilla ce ta kifaya. Ashe adalci ba shi ne a raba lokaci daidai ba?

Amsa ita ce, shari'a ba ta ɗauki rabo daidai a matsayin adalci a kowane wuri ba. Zakka ba a raba ta ga mutanen gari kai da kai, ana kai ta inda buƙata take. A salla kuma, lokacin da aka kai ƙarar Mu'azu ɗan Jabal saboda tsawaita karatu, Annabi ya yi masa faɗa, ya kuma umarci limamai su sassauta saboda a bayansu akwai mai rauni da tsoho da mai uzuri. Liman yana auna sallarsa da mafi raunin mamu, ko da a sahu akwai mahaddata masu son doguwar sura. Bugu da ƙari, iya karatu ba kamar sauran darussa yake ba, shi ne ƙofar da ake shiga sauran ta cikinta. Mai hazaƙar da aka rage wa minti goma zai cike gurbin da littafi a gida. Wanda bai iya haɗa baƙi ba, in aka wuce shi a aji biyu, an rufe masa lissafi da tarihi da fiƙihu gaba ɗaya, kuma tazarar tana ƙaruwa kowace shekara. Malaman usulu sun ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. In ilmantar da yaro wajibi ne, to, tsayawa har ya iya karatu wajibi ne.

Amma fa wannan ba ya nufin a tsayar da aji duka saboda mutum huɗu, ko a ɗora wa malami guda abin da ya fi ƙarfinsa. Dabara ake nema, kuma dabarar tana nan a zauren makarantar allo tun kaka da kakanni. A can kowane yaro da allonsa. Mai babbaƙu yana gefe yana koyon ba guje da mim jaye da lam arat, mai farfaru yana koyon wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a, na gaba yana haɗawa, ba a wanke wa kowa allo sai ya biya. Yaro yana ganin harafi, yana nuna shi da yatsa, yana faɗa da ƙarfi, daga baya ya rubuta da tawada, gardi yana taya malam duba ƙanana. Haɗa ido da kunne da hannu a kan harafi guda, da tafiya daki-daki, da yawan maimaici, su ne ainihin abin da masana suke ba da shawara a yi wa mai disleksiya. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta shahara da tsarin da ake gwada kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, a ga ko harafi ya sani, ko kalma, ko jimla, ko labari, sa'an nan a raba yara rukuni-rukuni bisa matsayinsu na wani ɗan lokaci a kowace rana, ba bisa ajinsu ba. An gwada wannan tsari da harshen Hausa a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil na Jihar Kano daga shekarar 2019. Duk wanda ya yi karatun allo, in ya gan shi zai gane shi.

Sai dai makarantar allo ita ma tana da inda yaro ke ɓuya. Mai kaifin kunne yana iya haddace allonsa daga bakin na kusa da shi, ya biya sumul yana jan yatsa, alhali bai san harafin da yatsan yake kai ba. Haka yake faruwa a Islamiyya da boko inda aji ke amsa wa malami baki ɗaya. Maganin wannan shi ne malam ya riƙa nuna wa yaro kalma daga tsakiya ko daga ƙarshe, shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba, kamar yadda Shafi'i ya keɓe Rabi'u.

SHAIDAR ZUR A KAN TAKARDA

Akwai wani zunubi da ya zama ruwan dare har an daina ganinsa zunubi. Yaro bai iya karanta sunansa ba, amma takardar sakamako ta ce ya ci, an ciyar da shi gaba. A wata makarantar ana yin haka don kada uba ya ji haushi ya cire ɗansa kuɗin zango ya ragu, a wata don a rage cunkoso, a wata kuma don tausayi. Sa hannu a kan wannan takarda shaida ce, kuma Annabi ya lissafa shaidar zur cikin mafi girman kaba'irai, a hadisin Abu Bakrata wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Cutarwarta a fili take, domin uban da aka ce wa ɗansa lafiya lau ba zai nemi magani ba, sai yaron ya kai sakandare, inda babu abin da ya rage masa sai satar amsa ko gudun makaranta. Maimaita aji kuma, in za a sake yi masa irin koyarwar da ta gaza a bara, ba gyara ba ne. Abin da gaskiya take bukata shi ne a kira uba a ce masa, ɗanka ya san haruffa kaza, bai san kaza ba, ga abin da makaranta za ta yi, ga abin da ake so gida ya yi.

Haƙƙin nan a rabe yake, kowa da gwargwadon ikonsa, domin kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Malami ya gwada kowane yaro a farkon zango da ƙarshensa, ya fara da Hausa wadda yaro ke ji, ya koyar da sautin harafi kafin kalma, ya hana dariya a ajinsa, ya ajiye bulala. Uba ya zauna da ɗansa ko da kwata ɗaya bayan magariba, ya buɗe masa shafin da bai taɓa gani ba, in shi bai yi karatu ba ya sa yayan yaron ko maƙwabci, ya kai shi a duba ido da kunne, ya daina gwada shi da ƙanensa. A kula da 'ya'ya mata musamman, domin yarinyar da ta kasa karatu takan yi shiru ne, sai a cire ta a ɗora mata tire babu wanda ya tambaya, alhali Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin littafinsa Nurul Albabi. Kwamitocin masallatai da masu hannu da shuni su san cewa sayen tabarau ga yaro, ko biyan malamin da zai zauna da yara goma bayan la'asar, sadaka ce mai gudana. Ɗaliban koyon malanta da ke zaune a Gyallesu kuwa, ga yaran a bakin ƙofarsu. Hukuma kuma, wadda ta buɗe ƙofar firamare ga kowa da shirin UPE a 1976, ta sabunta da UBE a 1999, ita za a tambaya game da yawan yara a aji, da littattafan Hausa, da horon malamai a kan koyar da karatu.

Daga ƙarshe, lalle za a sami yaron da bayan duk ƙoƙari karatunsa zai zauna da nauyi, domin disleksiya ana sauƙaƙa ta ne da horo, ba a cire ta kamar ƙaya. Wannan ba ya rage masa daraja a wurin Allah ko kaɗan. Farillan addininsa ana koya masa da baki, kamar yadda jajis na Nana Asma'u suka koyar da matan karkara. A jarrabawa a ƙara masa lokaci ko a tambaye shi da baki, a nemo abin da Allah Ya hore masa, ko sana'ar hannu ce, ko ciniki, ko hadda, a ƙarfafa shi a kai. Mutane ba za a tambaye su don me yaro bai zama gwani ba, domin buɗi na Allah ne. Abin da za a tambaye su shi ne ko sun bincika kafin su yanke masa hukunci, ko sun faɗa wa iyayensa gaskiya, ko sun maimaita masa gwargwadon ikonsu.

Allah Ya buɗe ƙirazan yaran Musulmi, Ya warware ƙullin harsunansu, Ya ba malamai haƙuri, Ya saka musu da alheri, Ya ba iyaye da shugabanni ikon sauke amanar da ke wuyansu. Amin.